Fasfo ɗaya ko biyu: zaɓin da ke gaban 'yan Filifin mazauna Birtaniya

Duk wanda ya yi aiki a asibitocin Birtaniya, ko ya taɓa jinyar wani a can, ya san 'yan Filifin. A alƙaluman 2023 na hukumar lafiya ta NHS a Ingila, in an cire 'yan ƙasa, Indiyawa ne kaɗai suka fi su yawa: sun haura ma'aikata 30,000, 'yan Najeriya na biye da su. Ƙidayar 2021 ta sami kimanin mutum 150,000 haifaffun Filifin a Ingila da Wales. Nas ɗin da ta fara yi wa jama'a allurar rigakafin korona a Coventry ranar 8 ga Disamba 2020, May Parsons, daga can ta fito. Mutane ne da 'yan'uwanmu ke raba dare da su a bakin gadon marasa lafiya, har a wasu gidajen auratayya ta shiga tsakani. Kusan kowannensu kuwa, da zarar ya shekara biyar ko shida a ƙasar, sai tambaya ɗaya ta tsaya masa a rai: ya tsaya a kan izinin zama na dindindin yana riƙe da fasfon gida, ko ya nemi zama ɗan Birtaniya?

Ɗan Najeriya na haihuwa ba kasafai yake jin nauyin wannan tambaya ba, domin sashe na 28 na kundin tsarin mulkin 1999 ya bar masa ƙasarsa ko da ya karɓi wata. Na Filifin ba haka lamarinsa yake ba. Birtaniya dai ba ruwanta, ba ta ce wa kowa ya ajiye ƙasarsa ta asali kafin ta karɓe shi. Matsalar daga gida take. Tun 1936 akwai dokar da ta ce ɗan Filifin da ya nemi zama ɗan wata ƙasa, aka ba shi, to ya rasa tasa. Abin da aka yi a 2003, zamanin shugaba Gloria Macapagal-Arroyo, shi ne buɗe ƙofar dawowa ta hanyar doka mai lamba 9225: mutum ya je ya sake yi wa Filifin rantsuwar biyayya, a mayar masa da matsayinsa, ya riƙe biyun. Saboda haka hanyoyi uku ne, ba biyu ba. Ko ya tsaya a izinin dindindin, ko ya zama ɗan Birtaniya ya tsaya nan, ko ya yi rantsuwar Birtaniya ya bi ta da ta gida. Ni dai ta ukun nake gani ta fi wa mafi yawan mutane, da sharaɗin kada a bar tazara mai tsawo tsakanin rantsuwa biyun, domin a cikin wannan tazarar ake yin asarar da ba ta gyaruwa.

Izinin zama na dindindin, wanda suke kira ILR, ba abin rainawa ba ne. Mai shi yana aikin da ya ga dama ba tare da wani asibiti ko kamfani ya tsaya masa ba. Yana iya buɗe sana'a, ya karɓi bashin banki ya sayi gida, ya nemi tallafin gwamnati in hali ya kama. 'Ya'yan da ya haifa a Birtaniya bayan samun izinin 'yan Birtaniya ne tun ranar haihuwa, kuma 'yan Filifin ne ta jini, abin da ya rage kawai a kai rahoton haihuwarsu ofishin jakadanci. A gida kuwa babu abin da ya ragu masa: filinsa, lasin aikinsa, ƙuri'arsa, duk suna nan. Mutane da yawa sun shekara ashirin a haka ba su ga abin da ya dame su ba.

Sai dai izinin nan yana da rauni, kuma babban rauninsa shi ne wanda ya fi shafar ɗan Filifin: in mutum ya yi shekara biyu cur a wajen Birtaniya, izinin ya mutu. A ce wata nas ce daga Iloilo, mahaifiyarta ta kamu da shanyewar ɓarin jiki, ta koma jinya da niyyar wata shida. Jinyar tsoho ba ta da ranar ƙarewa. In shekara biyu ta cika tana can, dawowarta sai da sabuwar biza ta masu komawa zama, wadda sai ta gamsar da jami'i cewa har yanzu tana da alaƙa mai ƙarfi da ƙasar, kuma yana iya hana ta. Shekarun da ta yi tana aikin dare, da kuɗin da ta zuba wajen sabunta takardu, duk sun rataya a kan hukuncin mutum ɗaya. Ɗan ƙasa kuwa ko shekara talatin ya yi a waje, ranar da ya dawo ƙofa a buɗe take.

Akwai kuma batun kora. Dokar 2007 ta ce baƙon da kotu ta yanke wa ɗaurin wata 12 ko fiye za a fitar da shi daga ƙasar, sai in ya faɗa cikin wasu keɓaɓɓun dalilai, kuma mai ILR baƙo ne a idon wannan doka. Mutum zai ce ai shi ba mai laifi ba ne. Gaskiya ne, amma tuƙin ganganci da ya ci rai ma yana kai mutum ga irin wannan hukunci.

Zancen ƙuri'a zai ba mai karatu mamaki. Filifin ba ta cikin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. Sifaniya ce ta mulke ta sama da shekara 300, sannan Amurka daga 1898 zuwa 1946. Don haka ɗalibin Najeriya ko na Gana da ya sauka bara yana da ikon zaɓen ɗan majalisar dokokin Birtaniya, alhali nas 'yar Filifin da ta shekara ashirin tana biyan haraji ba ta da shi. A Scotland da Wales ne kawai aka ba baƙi masu izinin zama damar zaɓen majalisun yankin da na ƙananan hukumomi. Aikin soja da yawancin ayyukan gwamnatin tsakiya ma a rufe suke gare ta. In kuma tana son hutun kwana uku a Faransa ko Italiya, sai ta nemi bizar Schengen kamar wadda ta taso daga Manila, don ILR ba ya ƙetare ruwa.

Abin da ya fi sa ni karkata ga neman zama ɗan ƙasa shi ne iskar siyasar da ke kaɗawa. A watan Mayun 2025 gwamnati ta fitar da takardar manufa da ke neman mayar da shekarun jiran ILR daga biyar zuwa goma ga yawancin mutane. A Nuwamba sakatariyar cikin gida Shabana Mahmood ta fitar da cikakkun shawarwari don jin ra'ayin jama'a, inda likitoci da nas-nas na NHS za su iya ci gaba da samu a shekara biyar, masu aikin kula da tsofaffi kuwa jiransu ya kai 15. Kafin nan, a Satumba, jam'iyyar Reform ta Nigel Farage ta ce in ta kafa gwamnati za ta soke ILR ɗungurungum, har ga waɗanda suka riga suka samu. Ko wace daga cikin waɗannan ta tabbata, abin lura ɗaya ne: sharuɗɗan izinin zama suna cikin ƙa'idojin shige da fice da minista ke iya sauyawa cikin sauƙi, zama ɗan ƙasa kuwa ba a taɓa shi haka nan. Wanda ya cancanta yau, kuma yana da kuɗin, ban ga dalilin jiransa ba.

Sharuɗɗan zama ɗan Birtaniya suna cikin dokar 1981. Mutum ya kai shekara 18, ya zauna shekara biyar a ƙasar bisa ƙa'ida, ya riƙe ILR na wata 12. Kwanakin da ya yi a waje kada su wuce 450 cikin shekara biyar ɗin, kada kuma su wuce 90 a shekarar ƙarshe. Wanda ke auren ɗan Birtaniya shekara uku ake duba masa, kwana 270, kuma ba sai ya jira wata 12 bayan ILR ba. Akwai wani ɗan sharaɗi da ke kayar da mutane ba su ankara ba: dole ya zamana mutum yana cikin Birtaniya a daidai ranar da ta yi shekara biyar kafin ranar da takardarsa ta isa Ma'aikatar Cikin Gida. 'Yan Filifin mutane ne masu son zuwa gida Kirsimeti. Wanda ya aika takardarsa a ƙarshen Disamba, alhali shekara biyar baya a wannan rana yana Cebu cikin dangi, ya jefa kuɗinsa cikin haɗari. Maganin abin shi ne ya buɗe tsohon fasfonsa ya bi hatiman ɗaya bayan ɗaya kafin ya zaɓi ranar aikawa.

Turanci harshen hukuma ne a Filifin, amma ƙasar ba ta cikin jerin waɗanda Birtaniya ta ɗauke wa shaidar iya harshe. Sai dai mutum ya kawo sakamakon jarrabawa a matakin B1, ko digirin da aka koyar da Turanci wanda hukumar Ecctis ta tantance. Jarrabawar sanin rayuwa a Birtaniya tambaya 24 ce cikin minti 45, ana ci da 18, kuɗinta fam 50. Wanda ya ci ta lokacin neman ILR ba ya sakewa. Mai shekara 65 zuwa sama an yafe masa duka biyun. Sai shaidu biyu da suka san shi aƙalla shekara uku, sai kuma binciken hali: haraji, tara, hukuncin kotu, duk wata ƙarya da aka taɓa yi a takardar biza. A nan shawara ɗaya ce, a faɗi komai. Ƙaramin laifin da aka bayyana sau da yawa ana wuce shi, wanda aka ɓoye aka gano kuwa shi ke jawo ƙi.

Kuɗin ne ke tsayar da mutane, kuma ba laifinsu ba ne. A farashin Afrilun 2025, neman zama ɗan ƙasa fam 1,605 ne, da fam 130 na bikin rantsuwa, jimla 1,735. Fasfo fam 94.50. Yaron da aka haifa a Filifin aka zo da shi, rajistarsa fam 1,214, ko da yake iyalin da ba su da hali suna iya neman a yafe na yara. Wannan duk bayan an biya fam 3,029 kowane kai na ILR shekara ɗaya kacal da ta wuce. A 2025 sabuwar nas a Ingila albashinta ya ɗan haura fam 31,000 a shekara kafin a cire haraji, ga haya, ga kuɗin da ake jira a gida duk wata na makarantar ƙanne da maganin iyaye. In aka ƙi takardar, kuɗin bikin kawai ake mayarwa. Don haka ba na ganin gazawar wanda ya ce zai jinkirta shekara ɗaya ya tara. Abin da nake gudu shi ne shekara ɗayar ta zama goma, ga farashin kusan kullum sama yake yi.

Amsa takan zo cikin wata shida. Daga nan sai biki a zauren ƙaramar hukuma, cikin wata uku da samun gayyata. Ɗaki ne da hoton Sarki Charles da tuta, magatakarda a gaba, wani lokaci da magajin gari sanye da sarƙar ofishinsa. Ana raba mutane biyu, masu rantsuwa da Allah da masu alkawari ba tare da ambaton addini ba, kowa ya faɗi sunansa, a karanta mubaya'a ga sarki da alkawarin bin dokokin ƙasa, a rera taken ƙasa, a kira mutum ya karɓi takardarsa a ɗauki hoto. To a wannan lokaci abu biyu sun faru da nas ɗinmu ta Iloilo waɗanda ba wanda zai sanar da ita a zauren. Fasfon Filifin da ke jakarta ya daina aiki, ko da saura shekara takwas wa'adinsa ya ƙare. Izininta na ILR ma ya ƙare, don ɗan ƙasa ba ya riƙe izinin baƙo, kuma takardar da aka miƙa mata ba a shiga jirgi da ita. Har sai fasfon Birtaniya ya fito, ba ta da abin tafiya ko'ina. Kada wanda ya sayi tikiti a makonnin da ke bayan biki.

Wanda ya tsaya nan, ɗan Birtaniya kawai, bai zama bare gaba ɗaya a ƙasar haihuwarsa ba. Tsarin Balikbayan ya ba tsohon ɗan ƙasa damar zama shekara ɗaya ba biza, shi da matarsa ko mijinta da 'ya'yansu in tare suka shigo, alhali sauran masu fasfon Birtaniya kwana 30 ake ba su. Akwai bizar 13(g) ga mai son komawa zama baki ɗaya. Filin da ya saya tun yana ɗan ƙasa nasa ne har gobe, kuma yana cin gadon filin iyayensa. Ga mai zuwa hutu mako uku duk shekara biyu, wannan ya wadatar.

Iyakar tana bayyana ne ranar da ya so ya yi wani abu da ya wuce ziyara. Kundin tsarin mulkin 1987 ya keɓe mallakar ƙasa ga 'yan Filifin. Tsohon ɗan ƙasa an yi masa sassauci amma da awo: filin gida murabba'in mita 1,000 a birni ko hekta ɗaya a karkara, na kasuwanci murabba'in mita 5,000 a birni ko hekta uku a karkara. Mai burin gina gidan ritaya ba zai ji matsi ba. Mai burin gonar shinkafa ko ta kwakwa, ko wanda 'yan'uwa za su sayar wa kasonsu na gado don kada filin kaka ya fita daga dangi, shi zai ci karo da bango. Wasu sukan sayi fili da sunan ƙani ko ɗan'uwa don kauce wa wannan, kuma duk wanda ya san rigimar fili a ko'ina ya san inda irin wannan amana takan ƙare. Aikin jinya da sauran ayyuka masu lasi ma galibi an keɓe su ga 'yan ƙasa, haka kamfanoni da dama baƙo ba ya wuce kashi 40 cikin 100 na hannun jari. Ba shi da ƙuri'a. In mace ce, mijinta ɗan Birtaniya kuma ba zai sami bizar zama ta 13(a) ba, domin ita ta ma'auratan 'yan ƙasa ce.

Hanya ta uku ita ke share duk wannan, kuma abin mamaki ita ce mafi araha a cikin tafiyar. Ana yi a ofishin jakadancin Filifin da ke titin Suffolk a Landan, ko lokacin da jami'ansa suka fita wasu garuruwa, ko a Hukumar Shige da Fice a Manila. Ana kai takardar haihuwa daga hukumar ƙididdiga ta PSA, da takardar zama ɗan Birtaniya, da tsohon fasfo, da takardar aure in akwai, da hotuna. Kuɗin bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da na Birtaniya. Abin da ya fi ɓata lokaci shi ne suna. A Filifin sunan tsakiya na dangin uwa ne, mace kuma in ta yi aure takan mayar da sunan gidansu tsakiya ta ɗauki na miji, sai a wayi gari takardar haihuwa da ta Birtaniya ba su yi daidai ba, a nemi takardar rantsuwa da ke tabbatar da cewa mutum ɗaya ne. Gara a nemo takardar PSA tun kafin bikin Birtaniya a daidaita komai. A ranar, mutum ya ɗaga hannun dama gaban jami'in jakadanci, ya yi alkawarin kare kundin tsarin mulki da bin dokokin ƙasa, a ba shi takardar shaida, sannan ya nemi sabon fasfo mai shekara goma.

Mutane kan ji tsoron ko rantsuwa ta biyu ta rushe ta farko. Ba ta rushewa. Babu inda ta ce mutum ya bar wata ƙasa, kuma a dokar Birtaniya ba a fita daga zama ɗan ƙasa sai mutum ya cike takardar barin da kansa an yi mata rajista. An ma ƙalubalanci dokar 9225 a gida, bisa hujjar cewa kundin tsarin mulki ya ce biyayya ga ƙasa biyu ta saɓa wa muradun ƙasa, Kotun Ƙoli ta tabbatar da ita a 2007. Wanda aka haifa ɗan Filifin ne kawai ke da wannan dama, ba wanda ya samu daga baya ba. Haraji kuma ba ya ƙaruwa: ɗan Filifin mazaunin waje ba ya biyan harajin gida a kan albashin da ya samu a waje, sai a kan abin da ya samu a cikin ƙasar, kamar kuɗin haya.

Tana da nata farashin. Mai ƙasa biyu in ya shiga matsala a Filifin, ofishin jakadancin Birtaniya galibi ba zai tsaya masa ba, domin a can ɗan gida ne. Gwamnatin Birtaniya tana da ikon ƙwace zama ɗan ƙasa a manyan laifuffuka irin na ta'addanci, kuma ta fi samun sauƙin yin hakan a kan mai wata ƙasar da zai koma. Wannan bai shafi talaka mai neman abincinsa ba, amma a san da shi. Mai sha'awar siyasa kuwa sai ya zaɓa. Ƙuri'a dai yana da ita, daga Landan ma yana zaɓen shugaban ƙasa da sanatoci in ya yi rajista, amma tsayawa takara sai ya yi rantsuwar barin ɗayar ƙasar, kuma kotu ba ta wasa da wannan. A 2013 ta tsige magajin garin Kauswagan da ke Lanao del Norte saboda ya ci gaba da tafiya da fasfon Amurka bayan ya rantse ya bar ta.

Yanzu ga tazarar da na ambata. Dokar 9225 ta ce waɗanda suka zama 'yan wata ƙasa bayan 2003 suna riƙe ƙasarsu ne, ba sake samu ba, sai wasu suka ɗauka ke nan ba abin da za su yi. Amma riƙewar da sharaɗin rantsuwa take. Wanda bai yi ba, ofishin jakadanci baƙo yake ɗaukarsa. A ce miji da mata sun yi bikin Birtaniya tare, suka ce ta gida sai an huta, suka haifi ɗa a tsakani. Filifin ta jini take ba da ƙasa, ba ta wurin haihuwa ba, kuma a ranar da aka haifi yaron babu ɗan Filifin a cikin iyayensa. Dokar ta bar musu mafita: in sun yi rantsuwar suna iya sa shi cikin takardarsu, muddin bai kai 18 ba kuma bai yi aure ba. Ranar da ya cika 18 wannan ƙofa ta rufe. Yayarsa da aka haifa shekara biyu kafin bikin 'yar ƙasa biyu ce har abada, shi kuwa baƙo ne a garin kakanninsa, ba zai sayi ko taƙi ɗaya ba. Iyaye ba su yi haka da gangan ba, aiki ne da gajiya da "sai wata mai zuwa". Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wannan ne wurin da ya fi ba ni tausayi a duk lamarin, domin wanda zai ɗauki asarar ba shi ya yi sakacin ba.

Haka yake a kan takardun fili. Wani haifaffen Filifin da ya ƙaura Kanada a 1974 har ya zama ɗan ƙasar ya dawo ya nemi fili a Oriental Mindoro a 2007, ya rubuta a takarda cewa shi ɗan Filifin ne, sai bayan wata shida ya yi rantsuwar. Aka tuhume shi da ƙarya a takardar hukuma, kuma a 2015 Kotun Ƙoli ta ce rantsuwar ba ta komawa baya ta wanke abin da ya rubuta. Duk wanda ke cikin tazarar, kada ya sa hannu a ko'ina a matsayin ɗan Filifin, kada kuma ya yi tafiya da tsohon fasfo don yana ganin wa'adinsa bai ƙare ba.

Mutum ɗaya ne zan ce masa ya dakata kafin rantsuwa ta biyu, shi ne wanda aurensa ya mutu. Filifin ba ta da dokar saki ga waɗanda ba Musulmi ba. Musulmin ƙasar, mafi yawansu a Mindanao da Sulu, suna da tasu dokar ta 1977 da kotunan shari'a, inda aka yarda da saki. Sauran kuwa sai doguwar shari'ar rushe aure mai cin kuɗi da shekaru. Sashe na 15 na dokar farar hula ya ce hukuncin aure da iyali yana bin ɗan ƙasa duk inda yake, don haka 'yan Filifin biyu da kotun Ingila ta raba, a gida har yanzu ma'aurata ne, kuma wanda ya sake aure yana iya samun kansa cikin rikici a kan gado da dukiya. Amma in ɗayansu ɗan wata ƙasa ne a lokacin sakin, ana iya kai hukuncin gaban kotun Filifin ta amince da shi. Kotun Ƙoli ta ce a 2005 abin dubawa shi ne ƙasar mutum ranar saki, ba ranar ɗaurin aure ba, a 2018 kuma ta ƙara da cewa ba komai ko ɗan Filifin ɗin ne ya shigar da ƙarar. Ke nan wane ya riga wane tsakanin saki da rantsuwa yana iya sauya komai. Mai wannan hali ya zauna da lauyan da ya san dokar iyali ta Filifin tukuna, ya kuma sa ido a kan shekarun 'ya'yansa yayin da yake jira.

Wanda ya fi kowa tunanin ba ya bukatar fasfon Birtaniya shi ne mai cewa shi fa gida zai koma in ya yi ritaya, kuma a ganina shi ya fi kowa bukatarsa. Fanshon gwamnatin Birtaniya zai bi shi ko da wane fasfo yake riƙe, har ma ana ƙara masa duk shekara, don Filifin tana cikin ƙasashen da ke da yarjejeniyar hakan, abin da mai ritaya a Kanada ko Ostareliya ko Najeriya ba ya samu. Amma 'ya'yansa da jikokinsa suna Leicester ko Belfast. Bayan shekara biyu a gida ILR ɗinsa ya tafi, ganin jika sai da bizar ziyara. In ciwo mai tsanani ya zo a shekara 75, ɗan ƙasa yana iya tattarowa ya dawo zama kusa da 'ya'yansa ya koma ƙarƙashin NHS, domin kulawar asibiti kyauta da zama a ƙasar take tafiya. Wanda izininsa ya mutu ba shi da wannan zaɓi a hannunsa. Wanda zan bari a kan ILR da zuciya ɗaya shi ne mai niyyar tsayawa takara ko riƙe muƙamin gwamnati a gida nan kusa, tun da zai biya kuɗi ne a kan abin da za a ce ya ajiye.

Mai fasfo biyu in zai tafi gida, da duka biyun zai yi tafiya. A Manila ko Cebu ya nuna na Filifin, ko takardar shaidar rantsuwarsa tare da na Birtaniya, don a shigar da shi a matsayin ɗan ƙasa ba tare da wa'adi ba. In ya nuna na Birtaniya kaɗai, baƙo za a buga masa, kwanaki su fara ƙirguwa. Wajen dawowa kuma na Birtaniya zai miƙa wa kamfanin jirgi da jami'an iyaka, don shi ne shaidar cewa ba ya bukatar biza. Yara ma haka, kowanne da nasa biyun, kuma a duba wa'adinsu tun da wuri, domin fasfon yaro shekara biyar yake yi a ƙasashen biyu.